Ranar da Tela Ya Zama Kwamandana

Jama'a, ku taya ni murna. Yau da safe na shiga aikin soja, kafin azahar na yi ritaya.

Maƙwabcina Tela ne sila. Yau ce ranar ƙarshe ta sabunta lasisin shago, kuma duk wanda bai samu hatimi ba, gobe zai tarar an garƙame masa ƙofa. Ni rakiya kawai na yi masa zuwa ofishin lasisi, ina riƙe da fayil. Muna shiga muka iske 'yan kasuwa sahu-sahu a farfajiya, ana ta hagu-dama.

Ashe Mai Girma Babban Darakta, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, kwas ya je ƙasar waje, ya koyo darussan shugabanci da 'yan kasuwa za su ɗauka daga soja. Sati biyu ya yi, ya dawo da 'yar sanda a hammata da sabuwar doka: ba hatimi sai mai shago ya ba ma'aikatansa oda an ga sun bi. Shi kuwa daga cikin mota yake duba fareti, gilashi a rufe, don gumi ba na manyan hafsoshi ba ne.

Da layi ya zo kan Tela, akawu ya ce, "Ina rundunarka?"

"Ranka ya daɗe, daga ni sai keken ɗinki."

"Shugaba ba mabiya? Na gaba!"

Tela ya juyo ya marairaice min. "Malam, don girman Allah. Ka zama rundunata na minti biyar."

"Ni? Da digirina?"

"Digirinka ne zai ciyar min da iyali?"

Na ajiye fayil na ƙame. Mutumin da shekara goma sha biyu bai taɓa ɗaga min murya ba ya buɗe maƙogwaro: "Kai! Ƙirji waje! Tumbi ciki!"

"Haba Tela, tumbin nan ya shekara ashirin a waje."

"Soja ba ya musu! Hagu! Dama! Tsallen kwaɗo!"

Mai faci da mai aski suka watsar da nasu faretin suna tafa mana, wata mai sayar da atamfa har da guɗa. A tsalle na huɗu wandona ya ce ɓarrr, tun daga ƙugu har gwiwa. Gilashin motar ya ɗan sauka, Mai Girma ya gyaɗa kai, gilashi ya koma. Akawu ya doka hatimi.

Tela ya rungume takardarsa har da ƙwalla. Ni kuma na tako gida na tare yagar da fayil a baya, ina gaisawa da mutane a karkace.

Da la'asar na kai masa wandon, na ce yaushe zan karɓa. Ko ɗagowa daga keken bai yi ba.

"Kurtu ba ya tambayar kwamanda yaushe."

To, duk mai cewa kwas ɗin Mai Girma ɓarnar dukiyar jama'a ce, ya zo mu yi muhawara. Amma ya same ni a gida, don wandon fitar ke nan guda.