Yadda Ake Canza wa Suruki Burauza Ba a Rasa Amarya Ba

Ɗan'uwa, idan mahaifin yarinyar da kake nema ya ce ka zo ka duba masa kwamfuta, kada ka fita sai ka karanta wannan. Ka bi matakan nan, na ɗaukar maka alkawari za a ɗaura. An gwada su a kan Tasi'u ɗan Kabo, mai neman Najiba 'yar Alhaji Haladu na Gwarzo, kuma yana nan da ransa.

Kukan Alhaji ɗaya ne. Duk sanda ya danna adireshin tafsiri, sai burauza, wato manhajar shiga intanet, mai launin shuɗi ta buɗe, shi kuwa wai mai kala-kala yake so.

1. Kada ka zauna a kujera.
Kafin Tasi'u an yi wani manemi, Mahbub, mai digiri a kan kwamfuta. Ya shigo ya ɗare kujerar Alhaji, ya shiga saiti, ya zaɓi mai kala-kala, ya gama tun Alhaji bai gama tambayar mutan gida ba. Har da cewa, "Ai wannan ba aiki ba ne, Alhaji." Aka yi masa godiya, aka mayar masa da kayan toshinsa. Abin mamaki, washegari shuɗiyar ta dawo.

Kai dai tuɓe takalmi tun daga soro, ka durƙusa a gindin tebur.

2. Yi gaisuwa har allo ya yi duhu.
Tasi'u ya gaida gajiya, ya gaida damina, ya tambayi gyaɗar da Alhaji ya shuka a Lakwaya, ya dawo kan gajiya. Kwamfuta ta gaji da jira ta yi barci. Shi kuwa ya zaci ya lalata ta tun bai taɓa ba, zufa ta karyo masa. Wannan zufar tana da amfani, kada ka share.

3. Lalubo linzamin kwamfuta, ido a ƙasa.
Nan ne gwanaye ke faɗuwa. Alhaji zai tsaya daidai gefen allo, don haka kallon allo kallon suruki ne. Tasi'u ya san hanyar sarai: saiti, manhajoji, sai a zaɓi burauzar da za ta riƙa buɗewa. To amma babban yatsan ƙafar Alhaji yake kallo. Ya miƙa hannu sama kamar mai ɗauko ƙwarya a kan katanga, ya fara dannawa da sunan Allah.

Kalkuleta ta buɗe. Hoton wani bijimi ya cika allo. Can sai tafsiri ya ɓarke da ƙarar da ta sa matan gida suka saki salati.

"Malam Tasi'u, ya aikin?" in ji Alhaji.

"Muna kai, Baba."

"Ka ɗago ka ga abin da kake yi mana."

"A'a, Baba, nan ma ya isa."

4. In an kawo fura, kada ka sha.
Ko da maƙogwaronka ya bushe. Ka ce alhamdulillahi, yanzu ka tashi daga kan abinci.

5. Sallama.
Da ƙafafun Tasi'u suka mutu, ya saki linzami. Zuciyarsa ta karye, don ya tabbata Najiba ta kuɓuce masa, kuma yana son ta, ba da wasa ba. Ya ce, "Baba, a yi mini afuwa. Ta fi ƙarfina."

Alhaji ya leƙa allo, ya ga shuɗiyarsa tana nan daram, ya yi murmushi.

"Madalla. Wancan yaron sai da na sha wuya kafin na mayar da ita yadda take. Tashi ka je, ka turo magabatanka."

Gargaɗi
Idan surukinka da gaske yake son a canza masa burauza, ka ɓata masa yini a durƙushe ya kore ka, kada ka neme ni, ban san ka ba. Ciwon gwiwa ma naka ne. Mai son gwadawa kuwa, Najiba tana da ƙanwa, Khairiyya, kuma har yau shuɗiyar ce ke buɗewa.