Yadda Na Gaida Surukina Daga Cikin Kogi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka gwada burkin motar Alhaji Garba ba. Ko na so in manta ma, mutanen Haɗejiya ba za su bar ni ba. Har yau da furfurata da jikokina, tsofaffin unguwarmu in sun rasa abin dariya sai su tono ni.

Zamanin Turawa ne, lokacin da motocin garin nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ina koyon gyaran mota a wurin Malam Tanko fita, wato makaniki, mutum mai hannu amma mai zafin rai. Shi Alhaji Garba ɗan kasuwar gyaɗa ne, yana da wata ƙaramar motar ɗaukar kaya irin wadda muke kira kitika, ita ke kai masa buhuna tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. Mu ke duba ta, ni kuma nakan ɗan taɓa tuƙinta. Yadda nake tafiya a gari sai ka ce ni na ƙera ta.

A lokacin an yi mini baiko da Yagana, 'yar Baba Modu mai fataucin bandar kifi. Saura sa rana kawai, amma dattijon nan ya yi shiru. Da na matsa wa Yagana a wurin zance sai ta fito mini fili.

"Baba fa ya soma ja da baya," in ji ta. "Ya ce 'yan mota ba ku da kunya. Mai keke in ya hango babba yana sauka, mai jaki ma yana sauka, su cire takalmi su tsuguna. Ku kuwa sai ku wuce kuna ɗaga wa mutane hannu kamar Turawa. Ya ce sai ya ga halinka tukuna."

Na ce, "Yagana, mota fa ba jaki ba ce."

"To je ka gaya masa."

Ban je ba. Amma maganar ta zauna mini a rai, na yi alkawari duk ranar da na haɗu da Baba Modu ina cikin mota, zan yi masa ladabin da ba a taɓa yi wa suruki ba a ƙasar nan. (Wannan alkawarin kam na cika shi, Allah shaida.)

Ran nan Alhaji ya aiko da kitikar, wai in an taka burki sai ta ja gefe guda. Tun da hantsi muka ɗaga ta a jak, muka cire tayoyi, muka goge fatun burkin, muka mayar. Malam Tanko ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana, yana ɗaure noti har taya ta ƙi juyawa, sannan ya ɗan sassauta har ta juya ba ta gogar komai. Daga nan aka shiga cire iskar da ke cikin man burki. Ni ina sama a kan feda, shi yana kwance a ƙasa yana kwarara mini ihu: "Taka! Riƙe! Na ce riƙe, ba na ce ka yi rawa ba! Saki!" Haka muka wuni, ina taka, ina saki, ina ƙara man burki, har cinyata ta soma karkarwa. Duk abin da ya ƙi, laifina ne. Ko ƙuda ya sauka masa a hanci, ni zai harara.

Bayan la'asar ya ce a je a gwada. Wurin gwajinmu hanyar da ke gangarawa mashigin kogi ce, don ƙasarta a daddaɓe take. Kaka ce kuma, kogi ya cika har ya shanye gindin itatuwa. Malam Tanko ya ja layi da ƙafarsa a tsakiyar hanya, ya tsaya a gefe.

"Ka taho a hankali. Da ka zo kan layin nan ka taka da ƙarfi. Ina so in ga sawun kowace taya a ƙasa, in san ko tare suke kamawa."

Na koma baya, na sa giya, na taho. Saura kaɗan in kai layin sai na hango kwalekwale ya sauke mutane, suna haurowa. A gabansu wa zan gani? Baba Modu, da farar rigarsa da sandarsa, yana tafe a hankali kamar hanyar tasa ce.

Jama'a, ban yi shawara da kaina ba. Ƙafafuna ne suka ga suruki suka yi abin da aka koya musu tun suna ƙanana. Kafin in farga na sa wannan ƙafar na tuɓe takalmin waccan. Na dama ya sulale, bai tsaya ko'ina ba sai ƙarƙashin fedar burki.

Na zo kan layi, na taka. Feda ta ɗan motsa ta cije. Na sake takawa da iyakar ƙarfina, ko gezau. Na wuce Malam Tanko yana buɗe da baki. (Kullum in na ba da labarin nan sai wani mai wayo ya tambaye ni ina burkin hannu. Yana nan, lafiyarsa lau. Ni ne ban tuna da shi ba. Kai da kake tambaya, ka taɓa nufar surukinka da mota?)

Abin da ya fi ba ni haushi, motar ba gudu take ba. Da gudu take da an ce hatsari ne, a tausaya mini. A'a, tafiya take a natse, kowa ya samu damar matsawa gefe ya kalle ni da kyau. Hannuna ɗaya a sitiyari, ɗayan yana laluben takalmi a ƙasa, bakina kuma ya kama nasa aikin.

"Barka da yamma, Baba!"

Ya matsa taku ɗaya, ya ce, "Barka kadai."

"Ina gajiya?" Wannan ta baya na wurga masa ita, don na riga na wuce.

Ban ji amsarsa ba. Kitika ta shiga kogi, ta yi tari, ta mutu. Ruwa ya hauro har kan kujera. Na buɗe ƙofa na dira, na waiwaya, ga Baba Modu a bakin gaɓa, jama'a sun cika bayansa. To me ya rage? Na tsuguna. A cikin ruwan. Ya zo mini har haɓa, hulata ta kama hanyar gabas.

Malam Tanko ya faɗo ruwan da gudu, na ɗauka ni ya zo ceto. Ko kallona bai yi ba. Ya cusa hannu ƙarƙashin feda, ya fizgo takalmin, ya ɗaga shi sama yana ɗiga.

"Kowa ya gani! Burkina lafiya lau yake! Kada in ji wani ya ce Tanko ya gyara burki ya ƙi kamawa. Takalmi wannan sakaran ya cire, wai zai gaida suruki!"

Wurin ya ɓarke da dariya, har masu kwalekwale suna riƙe ciki. Baba Modu kaɗai ne bai yi ba. Ya dube ni, ya ce, "Tashi, ɗan nan. Na ce ba ka da kunya, na janye. Kana da ita har ta yi maka yawa." Zuciyata ta soma sanyi. Sai ya ƙara da cewa, "Amma 'yata ba ta iya iyo ba. A bar maganar rana sai baɗi."

Shekara guda cur na jira. Da igiya da majiya ƙarfi aka jawo motar, muka sake kwance burkin da muka wuni a kai, ga faɗan Alhaji, ga na Malam Tanko. Yagana kuwa duk sanda na je zance, sai ta leƙa ƙafata ta rufe baki da mayafi.

An ɗaura auren daga baya. Amma har Baba Modu ya koma ga Allah, da ya ji ƙarar mota ya ga ni ne a ciki, sai ya haye dakali mafi kusa yana kaɗa mini hannu: "Wuce, wuce, na yafe gaisuwar!" Na ba shi jikoki, na kai shi asibiti a bayana, duk bai sa ya sauko daga dakalin nan ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake fara gaya wa duk wanda ya zo koyon tuƙi a hannuna: ladabi abu ne mai kyau, amma ka fara tsayawa tukuna.