Ranar da Na Sa Mara Lafiya Dako

Umarni ɗaya aka ba mu a sashen gaggawa na wani asibiti a Dutse: mu ɗalibai ne, mu zuba ido kawai. Amma ni farar rigar da na saka ta hau min kai.

Ɗakin ya cika maƙil da hantsi, sai ga Fulani biyu daga wajen Kiyawa. Ɗaya na shigowa ya zube ƙasa. Ɗayan, wani dattijo, ya tsaya ƙiƙam kamar ba tare suke ba. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Baffa, kallo ka zo yi? Kama masa ƙafafu!"

Ya sunkuya ya kama da hannu ɗaya. Har tsaki na yi, na ce, "Da hannu biyu mana!"

Muna ɗora shi a gado Sista, babbar nas ɗinmu, ta iso tana tambayar wa aka kawo. Na nuna mata ina hura hanci. Sai dattijon ya ɗage rigarsa a hankali. Ashe shi ne bijimin sa ya soka a haƙarƙari, rawanin da ya ɗaure wurin ya jiƙe sharkaf. Na kan gadon ƙaninsa ne, ganin jini ya sumar da shi.

Sista ta ce, "Haba Baffa, wannan fulako har ina? Me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Likita ya ce in kama."

An ɗinke shi, ya warke. Ni ne ban warke ba. Har yau in na leƙa sashen, sai Sista ta ɗaga murya: "Ku ɓoye marasa lafiya, ga likitan 'yan rakiya nan!"