Ƙungiyar da Na Ƙirƙira a Gaban Daktora

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na naɗa kaina shugabar wata ƙungiya da babu ita a duniya ba.

Wata huɗu na yi ina neman inda zan yi digiri a fannin haɗa kan al'umma da kare haƙƙinsu, a farashin da albashin mai tsaron shagon abaya zai iya ɗauka. Na kasa zama wuri ɗaya. Ina cin abinci ina duba waya, ina auna wa mata abaya ina duba waya. Duk makarantar da ta yi mini sai tsadarta ta kore ni, mai araha kuma sai in ga ko adireshi ba ta da shi. Daga ƙarshe na samu wata kwaleji da ake karatu daga gida, tana yafe rabin kuɗi ga wanda ya taɓa yi wa jama'a aiki. Sai dai akwai ganawa ta bidiyo.

Ranar na kasa karyawa. Na zaga falonmu na unguwar Jurf a Madina ya fi sau goma, na canza mayafi sau uku (duk baƙaƙe ne, ban san me nake canzawa ba). Daktorar da za ta gana da ni ta fito a waya, dattijuwa 'yar Sudan, ta tambaye ni da Larabci wane aiki na taɓa yi. Kawai sai bakina ya kwance. Na ce ni ce shugabar ƙungiyar matan unguwarmu, muna da mata arba'in, muna taro duk Alhamis.

Inna tana gefe tana cire ƙwallon dabino. Ta ɗago ta ce da Hausa, "Ke, wace ƙungiya kuma?"

Ban ko juya ba, ina murmushi ga waya na ce, "Inna ki yi shiru don Allah, ƙarya nake shirga mata, ba ta jin Hausa."

Daktora ta cire tabarau, ta goge shi a hankali, ta mayar. Sai ta ce, da Hausar da ta fi tawa daɗi, "Sannu da aiki, Hajiya. Ke kuma 'yata, ajiye ƙaryar, ba ni gaskiyar."

Na nemi wurin kashe wayar na rasa (waya ce da na shekara uku ina riƙe da ita). Inna kuwa ta matso ta cusa fuskarta a gaban tawa.

"Ranki ya daɗe, ƙungiya dai babu. Amma duk tsohuwar layin nan da ba ta gane Larabcin likita, wannan ce ke raka ta asibiti. Takardar da ta gagari mutum, ita ake kawo wa. Fitilar titinmu ma sai da ta bi gida-gida tana karɓar sa hannu aka gyara."

Ni ban taɓa ɗaukar waɗannan a matsayin aiki ba, na ɗauka rashin iya cewa a'a ne. Daktora ta ce in rubuto su duka, ba ƙari. Bayan sati biyu aka ɗauke ni, da rangwamen. A darasin farko ta kira sunana ta ce, "Shugaba, ina mutanenki?" Ɗalibai ba su gane ba, ni kuwa na sunkuyar da kai.

Na daina ƙara wa kaina girma a gaban mutane. In kuma dole sai na yi gulma a Madina, to ba da Hausa ba.