Ranar da Na Ce a Sare Namijin Dabino

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na ci bak ba, wato jarrabawar gama sakandare, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Na fito daga lise, babbar sakandarenmu a nan Gure, da sakamako mai kyau, kaina ya kumbura. Ko a shagon babana na daina auna wa mutane sukari, wai hannun mai bak ne. Ana nan sai wata ƙungiya mai taimakon masu lambu a kwaruruka ta ce tana neman matashi ɗaya da zai riƙa zagayawa yana ba manoma shawara. Na ƙwallafa rai a kan aikin nan. In na samu na huta da zaman shago, ga babur kuma za a ba mutum. Mu biyar muka nema, aka ce a fili za a gwada mu.

Madam ɗin da ke shugabantar aikin ta kwashe mu a mota zuwa wani kwari ta wajen Kelle, lambun dabinon wani dattijo mai suna Baba Kyari. Ta ce kowa ya zagaya ya dawo da shawara guda. (Ni ɗan ƴan kasuwa ne, dabino a tiya kawai na san shi, amma wa ya isa ya tuna wa mai bak wannan?)

Na zagaya da kaye, littafin rubutuna, a hannu ina gyaɗa kai kamar likita. Duk itatuwan sun yi ƴaƴa har suna rinjaya, ban da wani dogo a tsakiya, ko ƙwaya babu a kansa. Na ce a raina aiki ya samu.

Da muka taru a inuwa tare da manoman wurin ban jira an kira ni ba. Na yi bayani da Faransanci, sannan na maimaita da Hausa don kada manoman su yi asarar ilimina. Na ce wancan itacen rago ne, yana shan ruwa a banza, a sare shi a yi azara.

Baba Kyari ya dube ni da tausayi, ya ce, “Ɗana, ai shi ne namijin. In na sare shi, wa zai yi wa sauran ciki? Kai?”

Wani manomi ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Na so yashin nan ya buɗe in shige.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ko ba a koya mana barbarar tsirrai a lise ba. Nan ne na ƙarasa kashe kaina: na miƙe tsaye na zubo mata darasin kaf, har da misalin da malaminmu ya ba mu a allo, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Ta ce, “Daidai ne, ba kuskure. To, shi ne ka ce a sare.”

Wata yarinya a cikinmu da ta faɗi bak sau biyu aka ba aikin. Ita da ta shiga lambun, Baba Kyari ta fara tambaya me ke damun sa. Na ji haushi ƙwarai, na ƙara jin haushi da na ga ta cancanta.

Shekaru na yi a aji ana koya mini amsa tambaya, ba wanda ya koya mini yin ta. Yanzu in na ga abu tsaye ba ya komai, itace ne ko ma'aikaci a bakin ofis, sai na tambayi amfaninsa tukuna kafin in ce a sare.