Ranar da Na Ɓare Bangon Surukata

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je Lyon neman suna a gidan surukai ba, kuma ko na so in manta, matata ba za ta bari ba.

Lokacin watanmu huɗu da aure. Ni ɗan Maradi ne, karatu ya kawo ni Paris, na gama na samu aikin bincike, irin aikin da mutum zai wuni zaune gaban na'ura ya dawo gida yana cewa ya gaji. Matata Mariyama kuwa a nan Faransa aka haife ta, a Saint-Fons da ke gefen Lyon, inda mahaifinta, marigayi Malam Isufu, ya yi shekara talatin da wani abu yana aiki a masana'anta. Ban riske shi da rai ba, amma labarin hannunsa ya riske ni tun kafin a ɗaura aure. Famfo ya lalace, da Baba na nan da tuni ya gyara. Ƙofa na ƙara, da Baba na nan. Ni kuwa ƙusa ɗaya na taɓa bugawa a ɗakinmu na unguwar Belleville a Paris, har yau hoton da na rataya a karkace yake (Mariyama ta ce in bar shi haka, baƙi su ga hannun maigida). Danginta Dokta suke ce mini, cikin ladabi, amma ni na san abin da ke ƙarƙashin ladabin, kuma yana yi mini ciwo.

Ga wani abu kuma. Mariyama 'yar fari ce, Hajiya mahaifiyarta kuma Badamagariya ce ta ainihi, shekarun Faransa ba su rage mata kunya ko ƙwayar gero ba. Sunan Mariyama ma ba ta faɗa, balle nawa. Tun da aka yi aure maganar da ta haɗa mu ba ta wuce gaisuwa ba, ni a durƙushe ina kallon kafet, ita ta kau da kai tana kallon bango. Ban san ko tana ganin girmana ba, ko haƙuri kawai take yi da zaɓin 'yarta. Ina so ƙwarai in sani.

To sai aiki ya tura ni Lyon ranar wata Juma'a. Muna cin abinci kafin in tafi, Mariyama ta ce Mama ta daɗe tana so a cire tsohuwar takardar bango a ɗaki guda, danshi ya ɓata ta, ga shi babu namiji a gidan. Kafin ta rufe baki na ce zan kwana a otel, Asabar in je in yi.

Ta ajiye cokali ta dube ni. "Kai?"

"Ni."

"To bari in kira Mama ta nuna ma ɗakin."

Na ce kada ta wahalar da tsohuwa, ina da ido, mutum bai buƙatar a nuna masa tsohuwar takarda. Ta ce to, ta dai gaya wa Hajiya ina tafe. Ita Mariyama ranar Asabar ɗin tana aiki a kantin magani, wayarta kuma cikin jaka take wuni.

A jirgin ƙasa na kalli bidiyo wajen goma, kafin mu isa Lyon na zama gwani a zuciyata. Na san sai an fara tsattsaga takardar, a jiƙa ta da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a ba ta minti goma ta sha, sannan a bi da ɗan ƙarfen kankara daga sama zuwa ƙasa. Na ari injin tururi wurin wani abokina, na sayi safar hannu da gilashin kare ido (gilashin ba a buƙatarsa, amma yana ƙara wa mutum kwarjini). Haka na hau bene hawa uku ina nishi.

Muka gaisa da Hajiya kamar kullum. Lafiya, gajiya, mutanen Paris, sanyi. Ta ce sannu da zuwa, ta yafa mayafi ta ce za a je kasuwa a dawo, na kuma san nama za ta sayo saboda ni. Da a ce na yi tambaya ɗaya a lokacin, da babu labarin nan. Amma ta yaya zan tsayar da surukata a bakin ƙofa in ce wane ɗaki, bayan na gaya wa 'yarta ina da ido?

Na leƙa ɗaki na farko, na yara ne a da. Takarda fara sol, babu laifi, sai wata ƙatuwar kabad da ta rufe bango guda. Na leƙa na biyu, ƙaramin falo mai kujera ɗaya da tabarmar salla a naɗe da rediyo. Nan na tsaya na yi murmushi. Manya-manyan furanni ja da rawaya, kowane ya kai faranti, launin ya koɗe, gefuna sun yi baƙi-baƙi. Tsufa ƙarara, ba sai an nuna ba. Na ja kujera tsakiyar ɗaki, na shimfiɗa leda, na yi bisimilla.

Wanda ya liƙa takardar nan bai yi rowar manne ba. A bidiyo takarda salalam take saukowa gaba ɗaya. Tawa kuwa ɗan guntu-guntu take fitowa, kowane guntu sai na roƙe shi. Tururi ya cika ɗakin, gilashina ya yi hazo, zufa na bin bayana. Amma ina jin daɗi, ina ta tsara yadda Hajiya za ta ba da labarina a waya.

Na kusa gama bango na farko na ji motsi. Na waiwaya, ga Hajiya tsaye a bakin ƙofa da ledar nama a hannu. Ba ni take kallo ba, bangon take kallo, da tarin jiƙaƙƙun furanni da ke ƙasa. Ta daɗe haka.

Can ta ce, "Sannu da aiki."

Na ce, "Yauwa Hajiya, ai ba komai."

Ta tafi. Na ce a raina mamaki ya hana ta magana, na ƙara himma.

Ba a yi minti ashirin ba ta dawo da tire, shayi da ƙosai. Ta ajiye a bakin ƙofa ta ce, tana kallon tiren, "A huta haka nan. A bar shi hakanan ma ya isa." Na ce wallahi ban gaji ba, yanzu ma na gano kan abin. Ta koma. Ina jin ta a madafa tana danna waya, ta jira, ta sake dannawa. Na ɗauka ƙawayenta take nema ta ba su labari.

Sai ga ta kuma, wai abinci ya nuna, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Na ce sai na ƙarasa bango na biyu. Sai ga ta kuma, wai lokacin azahar ya kusa, alhali da sauran fiye da awa. Na yi salla a kan lokacinta, na ci shinkafa a tsaye, na koma bakin aiki. Matar nan ta yi duk abin da Bahaushiya mai kunya za ta iya yi don ta tsayar da surukinta ba tare da ta ce masa bari ba, ni kuwa kowane zuwa nata ina ɗaukarsa yabo.

A bango na uku ne na ƙarasa kaina. Kusa da taga na lura da wani layi guda da aka liƙa a juye, duk furannin ɗakin na kallon sama, nasa na kallon ƙasa. Daidai nan Hajiya ta sake zuwa da ruwa. Daɗin aiki ya ɗebe ni, na manta da kunya, na yi mata doguwar magana ta farko a rayuwata.

Na ce, "Hajiya, wanda ya yi aikin nan bai san aiki ba. Dubi nan, furen kansa ƙasa. Ga manne kamar ba gobe."

Ta ɗaga kai ta dubi layin. Na ga bakinta ya ɗan motsa.

Ta ce, "Haka ne. Sauri yake yi."

Ta ajiye ruwan ta fita a hankali.

Na ɗora ƙarfe a saman layin ke nan wayata ta yi ƙara. Mariyama ce, ta fito hutun rana ta tarar da kiran mahaifiyarta goma sha ɗaya, har sun yi magana.

"Kana wane ɗaki?"

Na ce mai furanni mana, har na kusa gamawa.

Ta ce, a hankali ƙwarai, "Masoyina, aje ƙarfen nan. Aje shi yanzu. Ɗakin Baba ne." Ɗakin da ake so a gyara na yara ne, danshin yana bayan kabad ɗin da ban ko taɓa ba. Takardar da na wuni ina yaƙi da ita, Malam Isufu ne ya liƙa ta da hannunsa kafin a kawo masa amarya daga Damagaram. Shekara shida da rasuwarsa, ko labule Hajiya ba ta yarda an canza a ɗakin ba. A nan take salla, a nan take zama da rana.

Na ajiye ƙarfen. Na ce, "Mi ya sa ba ta hana ni ba?"

Mariyama ta ce, tsakanin kuka da dariya, "Ta ce mini, ya za ta ce wa mijin 'yarta ya bari, ga shi ya taso tun daga Paris yana zufa dominta?"

Na dubi bango biyu da rabi tsirara, na dubi tarin da ke ƙasa. Sannan maganar da na yi ta dawo mini, bai san aiki ba. Na faɗa wa mace a gabanta cewa mijinta da ya rasu bai san aiki ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har na yi tunanin in bar injin abokina in bi matakala in gudu. Na ma tsuguna ina tsince guntayen ina haɗa su, wai ko za su maidu (Dokta ke nan, da gilashin kare ido a goshi).

A haka ta same ni. Na gyara durƙuso, na sunkuyar da kai, na ce, "Hajiya, a gafarce ni. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Ga maganar banza da na yi."

Na zaci za ta ce ba komai ta wuce. Sai ta shigo ta zauna a kujerar Malam da ke tsakiyar ɗaki, ta dubi layin nan da ya tsira.

Ta ce, "Da za a kawo ni, na yi ta kuka, wai jirgi ba ya ɗaukar kayan jere. Kwanukana duka aka bari gida, an riga an jera mini su a bango na gani. Aka aiko mishi da labari. Sai ya shiga kantuna yana neman takarda mai furen kwano. Ran Lahadi zan sauka, shi sai ran Asabar ya samu." Ta nuna da haɓa. "Wancan shi ne na ƙarshe. Ina shigowa shi na fara gani. Ban taɓa yi mishi magana ba kafin ranar, kunya nike ji, amma sai da na ce, wannan a juye yake. Ya ce sauri yake yi."

Ta yi dariya kaɗan, ta share ido da bakin mayafi. Ni ma nawa idon ya cika, na bar shi a kan tururi.

Ta ce, "Shekara talatin da biyar ina ce mishi ya gyara. Yau ka zo ka faɗi abin da na faɗa. Sauran duk fure ne, a ƙarasa cire su. Wannan guda a bar mini."

Haka aka yi. Na ƙarasa sauran ina lallaɓawa, na bi gefen layin da reza kamar mai yi wa jariri aski. Sati na gaba muka dawo tare da Mariyama muka shafe bangon da farin fenti. Har yau in ka shiga ɗakin za ka ga fari ko'ina, sai layi guda daga sama zuwa ƙasa kusa da taga, furanninsa na kallon ƙasa, tabarmar Hajiya a gefensa.

Kafin mu koma Paris a wannan zuwan, ina haɗa kaya, na ji ta ce, "Dokta." Karo na farko ke nan da ta kira ni da wani suna, kuma a bakinta bai yi mini ciwo ba. Ta wuce gaba na bi ta, ta buɗe ɗakin yara, ta shiga har ciki, ta ɗora tafin hannunta a kan bangon da ke bayan kabad, ta dube ni ido cikin ido.

Ta ce, "Wannan. Wannan ɗin nan da na dafa."

Tun daga ranar nake tambaya kafin in taɓa ko ƙusa a gidan mutane. In kuwa surukata ta ce mini sannu da aiki sau biyu a cikin awa guda, ajiye kayan aiki nake yi in kira matata.