Hantar Ragon Suna a Aljihuna

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan takwarana a Runka ba. Ko na so in manta ma, dangi ba za su bari ba.

Ni dai an san ni da fara abu in watsar. Na fara kiwon kaji na bari, na fara karatun digiri na bari, gudun safe ma da na ɗauka da zafi sati bai zagayo ba na koma barcina. To da likita ya ce jinina na hawa, sai na faɗa kallon bidiyon wasu mutane a waya, masu cewa sun rabu da duk abin da ya fito daga jikin dabba: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu. Na ce wannan karon sai na ga ƙarshe. Maimakon in ja bakina in yi shiru, sai na tsaya a ofishin malamai na makarantarmu da ke Batsari na yi shelar na daina cin nama kamar wanda ya ci zaɓe.

Malam Lawal mai koyar da lissafi ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, kai da mai tsiren bakin tasha ya san lokacin zuwanka? To, mu zuba ido."

Wannan "mu zuba ido" ita ta hana ni sakat. Na sha fura da ruwa zalla (kada ku gwada, ba ta da maraba da dama ƙasa). Na ci wake da zogale har na fara jin haushin launin kore. Maiɗakina ta koma ɗora tukunya biyu tana tsaki. Maganar lafiya ma tuni na manta da ita, abin da ya rage kawai kada Lawal ya ce ai dama ya faɗa.

Ana haka aka yi wa ɗan goggona haihuwa a Runka, ya kira ya ce sunana zai sa wa yaron. Babur ɗina na wurin gyara, kuma duk faɗin Batsari ban samu mai kai ni ba sai Lawal. Muka yi sammako don mu juyo kafin la'asar, kamar yadda kowa ke yi a hanyar nan yanzu saboda rashin tsaro.

Aka raɗa suna, aka raba goro, aka yanka rago. Can Goggo ta aiko in shiga da baƙona mu gaisa. Abin da na sha'afa shi ne, a gidan nan hantar ragon suna ta takwara ce, shi ake fara gasa wa. Muna zama ta dire min kwano yana tururi.

"Ungo, ɗan nan. Rabonka ne, ba mai taɓa naman nan sai ka ci."

Jama'a, ta ina zan fara yi wa tsohuwar da ta goya ni bayanin bidiyo? In ƙi ci, na watsa mata ƙasa a ido a gaban surukanta. In ci, ga Lawal a gefe yana murmushin mugunta. Sai wata dabara ta faɗo min, irin wadda ke zuwa wa mutum ranar da hankalinsa ya tafi hutu. Duk sanda Goggo ta waiwaya tana yi wa masu girki magana, sai in zura yanka a hankici, in ci gaba da motsa baki ina tauna iska. Kwano ya ƙare, hankici ya shige aljihu. Goggo ta sa min albarka, Lawal ya ga ban ci ba. Har yabon kaina nake.

Sai aka kawo jariri aka ɗora min a cinya. Ban gama yi masa addu'a ba ya kwararo min tumbuɗi a farar shaddata. Hannuna bai yi shawara da ni ba, ya fizgo hankici.

Hanta ta watse a tabarma. Yanka ɗaya ya gangara ya tsaya a gaban Goggo.

Goggo ta ɗauka ta duba, ta dube ni, sai na ga idonta ya kawo ruwa.

"Innalillahi! Ɗan nan, mi ya yi zafi haka? Yara ka ɓoye ma wa? Ashe abin ya kai nan ba ka faɗi ba?"

Na ce, "Goggo, wallahi ba haka ba ne, ni ne na daina..."

"Yi shiru, ba abin kunya ba ne. Kowa ya san halin da ake ciki."

Mata suka ɗauka: "Allah sarki, shi ya sa ya rame." Wata ta ce dama aikin koyarwa sai haƙuri. Na ɗaga murya ina batun hawan jini da man shanu, ba wanda ya saurare ni. Lawal kuwa ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba. Haka muka baro Runka ina bayan babur rungume da cinyar rago sukutum a buhu, Goggo na bin mu tana cewa in gaida yara, Allah zai kawo sauƙi. Da labarin ya iso kunnen maiɗakina, kwana ta yi ba ta yi min magana ba, don yanzu duk dangi sun ɗauka tukunyarta ba ta ganin nama.

Na zauna na yi wa kaina hisabi. Da na ci hantar nan, dariyar yini ɗaya Lawal zai yi. Da na faɗi gaskiya, faɗan yini ɗaya Goggo za ta yi. Tsoron a ce na sake gazawa shi ya ja min kunyar da ta ninka gazawar. Har yanzu wake da ganye sun fi yawa a kwanona, amma na daina rantsuwa a kansu. In an miƙo min abin da ba na so, in buɗe baki in ce ba na ci. In raina ya biya, in ci a gaban kowa in kora da ruwa. Aljihu kuwa na bar wa waya da makulli.